Hoto Ɗaya Tak na Kar-a-Motsa

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya yaran? To shigo mana, bawana, ka toge a bakin ƙofa kamar mai tambayar hanya."

"Jira nake hayaƙin ya lafa, Sarauniyar Ƙauri. Tun daga bakin titi na ga maƙwabtanki suna rufe tagogi, na ce lalle yau kin ɗora tukunya."

Ya kamata a san ko su wane ne waɗannan. Mai gidan ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, wadda girki da kallon finafinan shari'a suka zame mata aikin yini. Baƙon nata tsohon ma'aikacin safiyo ne, wato awon filaye, ɗan goggonta, ita kuma 'yar kawunsa, wato dai taubasai. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana ɗaukar dangi hoto don sha'awa kawai, har sunansa ya ɓace aka koma kiransa Kar-a-Motsa, saboda abin da yake faɗa kafin ya latsa kyamara. A duk tsawon wannan lokaci yana kan iƙirari guda, cewa bai taɓa sa girkinta a bakinsa ba.

Abin da ya kawo shi ranar ba ƙarami ba ne. 'Yarsa ta haɗa littafin hotunan dangi domin cikarsa shekara saba'in, maɗaba'a kuma ta ce washegari da safe za ta fara bugu. An zazzage akwati huɗu, hotuna sama da dubu biyu, ba a samu nasa na ƙuruciya ko ɗaya ba. Iyakar abin da bincike ya tabbatar shi ne inuwarsa a ƙasa sau goma sha ɗaya, da babban yatsansa a gefen hoto sau uku. Jikoki har sun fara yaɗa cewa da furfurarsa aka haife shi.

Ya zauna. Ta rage sautin talabijin, amma ba ta kashe ba.

"Wannan fim ɗin ba shi na tarar kina kallo bara ba?"

"Shi ne. Yau na goma sha tara ke nan."

"Kina fatan wata rana alƙalin zai sake shawara?"

"Koyon yadda ake titsiye maƙaryaci nake, ga shi Allah ya kawo mini ɗaya har gida. Ruwa ba ya tsami banza. Me ka zo nema?"

"Zumunci."

"Zumuncin da ka yi wata bakwai ba ka tuna da shi ba? Faɗi gaskiya, bawana, ko in ƙara sauti."

Ya yi gyaran murya. "An ce akwai wani hotona a wurinki."

"An ce? A kotuna ba a karɓar an ce. Wa ya ce?"

"Ni na ce. Ranar da aka taru a gidan Kawu, na ajiye kyamarata a kan taga, kika ɗauka kika latsa, kika zare fim ɗin kika gudu da shi. Har yau ban ga abin da kika ɓata ba."

"Ka ajiye ta ka tafi ina?"

"Shan iska."

"A kicin?"

"Nan iskar ta fi kaɗawa."

"Wanzami ba ya son jarfa! Shekara arba'in kana jera mu a rana kamar shanya. Ɗaga haɓa, rufe baki, kar a motsa. In an wanko hoton kuma a tarar rabin kaina babu."

"Tausayin masu kallo na ji."

"Ni kuwa sau ɗaya na latsa a rayuwata, ga ka yau da furfurarka ka zo bara."

Ta tashi ta ɗauko wani babban littafi mai baƙin bango daga kan kanta, wanda a ciki take rubuta duk girkin da ta gwada tun tana budurwa. Daga tsakiyarsa ta zaro hoton, ta riƙe shi nesa da hannunsa.

"Cikin littafin girkinki kika ajiye ni? Shi ya sa nake fama da ƙwarnafi tun ina saurayi."

"Yi shiru a karanta maka tuhuma. Ga saurayi ɗan shekara ashirin da shida, gashi tuli guda, wando mai faɗin ƙafa. Ga shi tsugune gaban tukunyata, ludayi a dama, cinyar kaza a hagu, kumatu kamar an hura balan-balan. Ka amsa laifinka?"

"Bincike nake yi. Na ji an ce mutum biyu sun kwanta, na sadaukar da raina domin dangi."

"Har da kankare ƙanzo?"

"Guba a ƙasa take taruwa."

"Ramin ƙarya ƙurarre ne. Rana dubu ta ɓarawo, yau ta mai tukunya ce."

"To na ji. Ara mini na yini ɗaya. Kai da kafaɗa kawai yarinyar nan take bukata." Ya zaro ƙaramin almakashi daga aljihu. "A maɗaba'a za su wanko wani, in datse daga kafaɗa, tukunyarki ta huta da tonon silili."

"Kumatun fa?"

"A ce ciwon haƙori ne."

"Karɓi. Nuna mini inda za ka yanka."

Ya sa tabarau, ya matsa kusa da taga, ya ƙura wa hoton ido.

A nan tilas a bayyana abin da hoton ya ƙunsa, domin tuhumar da aka karanta ba ta cika ba. Bayan saurayin akwai mace tsaye, ta sunkuyo har fuskarta ta zo daidai kafaɗarsa, hannunta ɗaya a kansa, ɗayan yana nuna tukunyar, tana dariya har dasashinta ya bayyana. Duk inda almakashi ya bi, sai ya ratsa ta jikinta. Mahaifiyarsa ce, wadda ta rasu shekara goma sha shida da suka wuce. A akwatunansa akwai hotunanta fiye da sittin, kuma a kowanne tana zaune ƙiƙam, baki a rufe, hannuwa a kan gwiwa.

"Inna ce," ya ce a hankali.

"Goggo ce. Ita ta yafito ni, ta nuna mini kyamarar, ta ce in zo ga ɓera ya shiga tarko."

"Ba ni da hotonta tana dariya. Ko ɗaya."

"Ina za ka samu, kullum kana ce mata kar ta motsa?"

Ya cire tabarau ya goge, ya ce ƙaurin girkinta ne ya shiga masa ido. Ta ce ai tun ɗazu ta sauke, amma ba ta ja zancen ba.

"Haka za a buga shi," ya ce. "Shafi guda cur."

"Da tukunya?"

"Da tukunya."

"Da sharaɗi. A ƙasansa za a rubuta abin da ya faru, kuma da bakinka za ka faɗa wa 'yarka. Kira ta yanzu, ka sa kowa ya ji."

"A rubuta, yana ɗanɗanawa."

"Dawo mini da kayana."

"Yana ci."

"Ƙaro."

"Ya ci, ya ƙara, ya kankare! Kin ji daɗi?"

"Saura sunan mai ɗauka."

Ya sake duban hoton, ya karkata kai irin na masana. "Gaskiya dai ya ɗan karkace ta hagu."

Ta miƙo hannu.

"Ya miƙe! Ni da na yi aikin safiyo na shaida, ban taɓa ganin layi miƙaƙƙe irin wannan ba!"

Ta fashe da dariya har tana riƙe kujera, shi ma ya kasa daurewa. Ta ɗauko ambulan ta saka hoton da kanta, ta ce ba aro ba ne, ya riƙe duka, ai uwarsa ce.

"Na gode, uwar ɗakina," in ji shi, yana lalubo lambar 'yarsa a waya. "In kuma akwai saura a tukunyar yau, a zubo mini a faranti. Shekara arba'in ina ci a tsugune a bayan ƙofa, gwiwoyina sun gaji."