Fostar da Ta Kashe Mubashir a Banga

"Maraba da amarya! Ke ce da hantsin nan? Ya hanya, ya mutanen Banga?"

"Lahiya lau, marigayi. Ya kwanan kabari? Ina hwata ba a matse ka ba."

Mubashir yana tsugune a ƙofar ɗakinsa na haya a Kaura Namoda, yana dama sitacin liƙa fosta a tsohon gwangwani, lokacin da kakarsa Yalwa ta sauko daga babur. Malamin firamare ne, ya rubuta littafin labari ya buga da kansa a Gusau, ya sa masa suna Na Tafi Ba Sallama. Don talla ya yi fosta: hotonsa baƙi da fari yana kallon sama, sunan littafin da manyan haruffa, ranar ƙaddamarwa a ƙasa. Ya liƙa a tashoshin Kaura da Shinkafi da Zurmi, har da bayan motoci. Wani ya gani ya kai labari Banga cewa jikan Yalwa ya rasu. Wayarsa ba ta shiga ba, aka wuni ana ta'aziyya, sai da yamma kawunsa Labbo ya same shi ya ji muryarsa.

"Haba tsohuwa, wane irin marigayi? Ga ni ina numfashi."

"To ai ban sani ba. Ni dai har na hwara takaba. Kuma kada ka ce ban gaya maka ba, manema sun hwara leƙowa."

"Ke? Wa zai kwashi bakin da haƙori ɗaya ke gadinsa?"

"Haƙorin ga guda ya hi littahinka aiki. Shi kullum yana samun abin yi."

Ta zauna a kan bencinsa, ta zaro fosta ɗaya daga tarin da ke gefe, ta miƙe hannu tana kallo.

"Dubi nan. Mi kake kallo a sama? Mala'ikun da za su ɗauke ka?"

"Tunani nake. Haka manyan marubuta ke tsayawa a hoto."

"Tunanin mi? Kai da ko ƙidayar awaki sai ka cire takalmi? Ai ko ni da ban yi boko ba, in nig ga mutum ba launi, ido sama, ga kwanan wata ƙarƙashi, na san sai addu'a."

"Ke ba ki san talla ba. Yanzu zamani ya canja. Na sa shi a Fesbuk, mutane sun yi ta ɗaga mini yatsa."

"Yatsa? Wanne daga ciki? Don akwai wanda in anka ɗaga maka, zagi ne."

"Babban yatsa, na yabo!"

"To cikin masu yatsan wa ya zo ya ɗauki littahi?"

Mubashir ya ci gaba da dama sitacinsa.

"Suna hanya."

"Suna hanya! Ashe hanyar ta hi ta Makka nisa. Labbo ya ce har daga zauren dangi na waya anka hidda ka, don kullum asuba kafin a yi salati kai ka liƙa hoton littahi."

"Hassada ce. Kawu Labbo ko takardar maganinsa ba ya karantawa."

"Ya ce kuma ka bi manyan gari gida gida kana rabawa kyauta."

"Wannan dabara ce. In babba ya yaba, ƙanana sai su bi."

"Awo. Na ga naka gidan Alhaji Sanusi. Ya yaba ƙwarai. Da shi anka tokare ƙahwar tebur, tebur ya bar rawa."

"Wallahi bakinki ya fi barkonon Shinkafi. To ai dai jiya an yabe ni a Banga, ko ba a yabe ni ba?"

"An yabe ka kam. Liman ya ce kai yaro ne mai haƙuri, mai kunya, mai yawan kyauta. Nan hankalina ya ɗan kwanta, nic ce to ba nawa ne ya mutu ba."

Mubashir ya yi dariya har gwangwanin ya kusa kifewa. Sai ya matso kusa, ya rage murya.

"Ki bar wasa, tsohuwa, abin nema ya samu. Tun daren jiya wayata ba ta huta ba. Daga Zurmi, daga Kurya, kowa littafin mamaci yake tambaya. Wanda bai taɓa gaishe ni ba yanzu ya san sunan littafina. In na bar fostar nan zuwa ranar ƙaddamarwa, wurin ba zai ɗauki mutane ba."

"Wato gawarka ta hi ka kasuwa."

"Talla ai talla ce."

Yalwa ta ajiye fostar a cinyarta. Ta kama kunnensa ta murɗa, kamar yadda take yi tun yana rarrafe, amma wannan karon ba ta saki da wuri ba.

"Kai, ɗan nema. Garinmu in anka ce mutum ya tahi ba sallama, ba a tambayar ina ya tahi. Ubanka Rilwanu ya hita hanyar Zurmi da buhun gero, yac ce mani a aje mai tuwo. Ko gawa ba mu gani ba. Jiya da anka shigo mani da zance, ina tankaɗe, ban san lokacin da rariya ta hwaɗi ba. Nic ce ashe har ɗan nasa. Wannan ce tallar taka?"

Mubashir ya dubi tarin fostar.

"Ban yi tunanin haka ba, Kaka."

"Ina za ka yi, kana can kana kallon sama?"

"Ba ni da halin buga wasu."

"Wa ya ce ka buga? Ba ka da alƙalami? Ko shi ma ya tahi ba sallama?"

Ya shiga ɗaki ya fito da jan alƙalami mai kauri. A kan goshin hotonsa ya rubuta YANA RAYE, ya ɗaga mata.

"Mi kar rubuta?"

"Yana raye."

"Ƙara: amma ba shi da mata, ba shi da akuya."

"Ai ina da ke."

"Ni na yi takaba, aure ya ƙare. Kuma na Zurmi da na Shinkahi da ƙahwarka za ka bi su ɗaya ɗaya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

"Na ji. Da na gama nan zan kama hanya."

"Da rana tsaka za ka tahi, ka dawo kahin la'asar. Kada ka sa ƙarya ta zama gaskiya."

Ya yi ta rubutu tana miƙo masa fosta. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba:

"Shi mutumin cikin littahin, wanda ya tahi. Ya dawo gida?"

"Sai kin saya za ki sani."

Ta ɗaga hannu wajen kunnensa, ya goce.

"Tsaya, tsaya! A wannan dai bai dawo ba. A na biyu zai dawo."

"To ka yi sauri da na biyun. Ni in na tahi, tahiyar gaske ce, ba mai bi da jan alƙalami."

"Ke? Ai ko Mala'ikan mutuwa ya zo, sai kin tsaya kin kushe masa riga."

"In ta yi mai yawa ba sai in hwaɗa ba?"

Mubashir ya ɗaga hannu biyu sama yana dariya.

"Na bi, Yalwa, kin kada ni."

Ya zaro littafi ɗaya daga kwali, ya ɗora mata farin goro a kai, ya miƙa da hannu biyu. Ta ɓare goron, ta cusa littafin a jakarta.

"Ranar Juma'a ka zo Banga ka karanta mani. Ka zo da rai, mutane na son ganin hwatalwa."