Wasiƙar Rukayya a Cikin Memori

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da kwamfuta ta tona mini asiri a gaban duk 'yan ofis ba. Watana uku ke nan ina zaman gwaji a wani ƙaramin kamfani kusa da shataletalen Circle, kuma aikin da aka ɗora mini shi zai nuna ko a riƙe ni, ko in koma unguwarmu Nima gyaran waya.

Matsalar tana cikin kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Duk abin da ya shiga memori, ma'ajiyar bayananta, ya kamata a rikita shi yadda ɓarawo ba zai iya karantawa ba, amma wani sa'in sai bayanan su zauna tsirara. Wajen gwaji, mutum yakan zuba rubutun da ya sani, ya leƙa ya ga ko ya rikice. Masu hankali suna zuba baƙaƙe barkatai. Ni kuwa (Allah ya shirye ni) sai na zuba wasiƙar da na yi sati biyu ina tsara wa Rukayya, mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a unguwar Maamobi.

Na gyara, na gwada sau goma, komai lafiya. Na shiga taro ina taƙama. Shugabarmu Madam Efua ta haɗa kwamfutar da babban allo, ta yaba, sannan ta rufe murfin ta sake buɗewa. Sai a lokacin na tuna ban taɓa gwada barci da farkawar na'urar ba. Sai ga shi ɓaro-ɓaro a allo: "Rukayya, tun ranar da kika ƙara mini ƙwai hankalina bai dawo jikina ba."

Madam ba ta jin Hausa, sai ta sa Baba Seidu, dattijon ofis, ya fassara. Ya gyara tabarau, ya bi ta layi-layi da Turanci, ya maimaita da harshen Twi (ba wanda ya roƙe shi). Kunya kamar in nutse. Da ya gama ya dube ni, ya ce, "Yaro, wannan Rukayya yarinyan ƙanena ne fa."

Madam ta share hawayen dariya ta ba ni kwana biyu in gyara. Ashe in na'ura ta farka ba a mayar da alamar da ke sa a rikita memorin, kuskuren layi ɗaya tak a kanel. Na gyara, aka riƙe ni aiki.

Rukayya kuwa ta ji komai kafin in sauka daga tɔrɔtɔrɔ, motar hayar da ta kai ni gida, ta aiko cewa wasiƙar ta yi tsawo. Yanzu ina gwada kwamfuta a barci da farke, maganar zuciya kuma da bakina nake kai ta, don Baba Seidu ba ya tsallake layi.