Ranar da Na Tufatar da Mutanen Jirgin Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tufatar da Turawa a bakin teku ba. Ko na so mantawa, 'yan majalisarmu ta Zongo ba za su bari ba, don haka gara in faɗa da bakina kafin su ƙara masa gishiri.

Ni haifaffen Zongon Wagadugu ne, a nan na yi furfura. Karatuna bai taka kara ya karya ba: allo izu biyu, lekol, wato makarantar boko, shekara ɗaya, ita ma rabinta a kan bishiyar mangwaro na yi ta. Ruwa mafi girma da na sani shi ne baraji, wato madatsar ruwan garinmu, wanda in rani ya yi nisa awaki ke kiwo a tsakiyarsa. Mahaifina mai masauki ne. Fatake da direbobi daga Nijar a zaurenmu suke sauka, kuma akan samu wanda 'yan fashi suka tare a hanya, ya iso daga shi sai gajeren wando. Tsohon nan doka ɗaya gare shi: “Baƙon da ya zo ba kaya ba riga, kada ka tambaye shi sunansa. Ka tufatar da shi, ka ba shi ruwa, sannan a yi magana.” Da idona na ga ya tuɓe rigar Juma'arsa ya sa wa wani Ba'adare da bai taɓa gani ba. Da wannan tarbiyya na tashi (ita kaɗai ce ma na riƙe, sauran duk na zubar a hanya).

Autata Rabi tana auren Malam Sani, yaro mai natsuwa, wanda ke sayar wa 'yan yawon buɗe ido zannuwan faso dan fani, saƙar ƙasarmu, da riguna masu aiki. Da Turawa suka ɗauke ƙafa daga Waga, sai ya kwashe iyalinsa ya koma wani garin bakin teku a tsibiran Kap-Ver, inda aka ce suna zuwa. Can Rabi ta haihu. Uwarta ta ce ita ba za ta hau abin da ba a iya ce wa direbansa ya tsaya a sauka ba, saboda haka ni aka ɗora a jirgin sama da ƙullin kuka da daddawa.

Garin kamar a mafarki. Duwatsu tsirara a baya, gidaje shuɗi da ja da ruwan ɗorawa sun gangaro kamar an zubo su daga kwando, sannan ruwa, ruwa har inda ido ya gaji. Amma wata huɗu kafin zuwana guguwar teku ta bi ta kansu da ambaliya. Na ga layin laka a jikin bango daidai ƙirjina. Na ga mota kwance a kwari, ƙafafu sama kamar mushen jaki. Shagon Malam Sani ma ruwa ya shige shi, abin da ya tsira dila biyu ce kawai da ya ɗora bisa kwaba.

Rabi ce ta faɗa mini haka tana shayar da jariri. Ta ce, “Baba, waɗannan biyun su ne ƙarshenmu. In ba su fita ba, sai mu tattara mu biyo ka gida. Tun guguwa ba a sake ganin babban jirgin ruwan nan ba, amma an ce ran Asabar zai shigo.”

Na ce, “Tun guguwa? Da mutane a ciki?”

Ta ce, “Dubbai ma kuwa,” sai jaririn ya ƙware, ta juya gare shi.

Wannan magana ita na ɗauka na tafi da ita bakin ruwa. Kullum da hantsi nakan zauna kan wani dutse, tasbaha a hannu, ina kallon inda sama ta haɗu da teku, ina ta saƙa. Wata huɗu bisa ruwa. Na gan su a raina iska tana juya su, abinci ya ƙare, suna tarar ruwan sama da huluna. Na ga tsofaffi suna kallon taurari suna neman gabas. Har wata yarinya na ƙirƙiro mai kama da Rabi, na ba ta ciwon ido, na zauna ina jin tausayinta. Za ku ce don me ban tambayi Malam Sani ba. To suruki ne. Tsakanina da shi gaisuwa ce: ya durƙusa, in ce Allah Ya yi albarka, kowa ya kalli gefe. Ina ni ina zama in nuna wa mijin 'yata cewa akwai abin da ban sani ba?

Ran Asabar da sassafe ya ɗauki dilolin, na bi shi a baya cikin babbar rigata ta suna. Hazo ne kwance kan ruwa. Can sai na ga wani abu fari yana fitowa daga cikinsa a hankali, ba ƙara, ba ƙura. Na ɗauka gajimare ne ya sauko shan ruwa. Da ya matso sai na ga tagogi, bene kan bene, kamar an tumɓuke ma'aikatun unguwar Waga 2000 gaba ɗaya an ɗora su a faranti an turo. Ya yi wani kuka mai kauri da na ji shi a cikin hanjina. Garin duk ya fito. Ga makaɗa, ga mata da fararen kallabi suna rawa, ga wata tsohuwa kusa da ni tana share hawaye da gefen zane. Na ce a raina, Allah sarki, wataƙila ɗanta na ciki.

Malam Sani ya shimfiɗa kaya kan tebur, zannuwa a dama, riguna a hagu. Sai wani mai hular ma'aikata ya zo ya yi masa magana da yarensu. Ya juyo ya rusuna.

“Baba, wai sai na je ofis an buga mini hatimi a takardar wuri. Don Allah a ɗan duba mini, yanzu zan dawo.”

Na ce, “Je ka abinka. Kasuwa ba baƙuwata ba ce.”

Bai daɗe da tafiya ba suka fara saukowa. Jama'a, ni na san Turawa. Na gan su a Waga da manyan takalma da jaka a baya kamar raƙuma. Waɗannan ba haka suke ba. Ba mai ɗauke da ko ƙullin goro. Yawancinsu tsofaffi, suna tafiya a tale kamar ƙasa na motsi. Fatarsu ta yi jawur, ta wasu har tana saɓulewa a kafaɗa. Wani dattijo mai tumbi, sa'ana ko ya girme ni, daga shi sai ɗan wando iya cinya, an shafa masa farin magani a hanci. Bayansa wata tsohuwa, abin da ke jikinta duka in an haɗa bai kai hankici biyu ba. Kuma murmushi suke yi, suna ɗaga wa mutane hannu. Murmushin nan shi ya karya mini zuciya. Na ce dubi bayin Allah, teku ta cinye musu komai, amma ba su fasa godiya ba.

Ban san lokacin da na zari zane ba. Na tari tsohuwar nan, na kau da kai, na yafa mata, na ce, “Sannu Iya. Sannu da arziki. Allah Ya kiyaye gaba.” Ta shafa zanen, ta yi wata 'yar ƙara, ta buɗe ƙaramar jaka za ta ciro kuɗi. Na mayar mata da hannunta. Faransancina na tasha ne, amma ya isa in ce mata kyauta ce: “Kado, madam. Kado.”

Ashe kalmar nan tana da ƙafa. Kafin in juya an yi layi. Su a zatonsu (daga baya na ji) cikin shirin tarbar da gari ya yi musu ne, kamar kiɗan da rawar. Ni kuwa ina ganin layin yana tsawo ina cewa, kai, ɓarnar ta yi yawa. Mata zane, maza riga. Ina ɗaura wa wannan, ina zura wa wancan, ina yi musu jaje da Hausa, suna amsawa da dariya suna ɗaukar hoto. Wata ta dawo ta nuna mini da hannu cewa shuɗi take so ba ja ba. Na ɗan yi mamakin wanda ya fito daga bakin mutuwa yana zaɓen launi, amma na ce wahala takan taɓa hankali, na canza mata.

Wani Basanagale mai sayar da gumakan katako a teburin kusa ya yi ta kama hannuna yana girgiza kai, yana nuna hanyar da Malam Sani ya bi. Na fizge, na dube shi sama da ƙasa, na ce, “Kai dai ba ka da imani. Mutane tsirara, gunki za ka sayar musu su ɗaura?”

Tebur ya koma katako zalla. Sai ga dattijon nan mai tumbi ya iso, shi ne na ƙarshe, ya tsaya yana duban teburin kamar maraya. Na tuna tsohona. Na tuɓe babbar rigata ta suna, na zura masa, na cire hulata na kafa masa. Ya rungume ni, jikinsa na ƙanshin kwakwa. Na ɗaga hannu na yi musu doguwar addu'a, suka yi tafi.

A haka Malam Sani ya same ni: daga ni sai singileti mai huji biyu da wando, kai ba hula, ido jawur. Ya dubi tebur. Ya leƙa ƙarƙashinsa. Ya dubi titi, inda dukiyarsa ke yawo a jikin mutane tana shan iska. Sannan ya durƙusa.

“Baba, sannu da aiki. An yi ciniki ke nan?”

Na ce, “Cinikin lahira, Malam Sani. Ladan da ka samu yau, ko Makka ka je sai haka. Wata huɗu mutanen nan suna ɓace a ruwa.”

Idonsa na ƙasa ya ce, “Baba, ai jirgin ba ɓata ya yi ba. Daina zuwa ya yi, don guguwa ta lalata wurin da yake tsayawa. Waɗannan shekaranjiya suka hau.”

“To ina kayansu?”

“Suna ɗakunansu a ciki. Kowa da gadonsa da kwabarsa.”

“Rigunansu fa?”

“Su suka tuɓe, Baba. Rana suka zo sha.”

“Ranar da muke gudu?”

“Ita. Kuɗi suke biya mai yawa.”

Na ce, “To ina za su?”

“Ba inda za su. Zagayawa suke yi, su koma inda suka fito.”

A nan ne na ji iskar teku ta shiga ta hujin singiletina ta fita ta ɗayan. Da ya zage ni, da na samu abin riƙewa. Da ya ɗaga murya, da na ce yaran zamani ba su da kunya, in yi fushi in rufe tawa kunyar da shi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya miƙe, ya cire rigarsa ta sama, ya kau da kai ya yafa mini a kafaɗa, ya ce, “Mu je gida, Baba, kada sanyi ya kama ku.” Basanagalen nan yana ta goge gumakansa, kafaɗunsa na rawa.

Rabi ba ta da wannan haƙurin. Ta dube ni cikin rigar mijinta ta ce, “Baba, duka?”

Na ce, “Duka.”

“Har da masu aikin zare?”

“Su suka fara ƙarewa.”

Ta zauna a bakin gado, ta rufe fuska da zanen goyo. Har yau ban sani ba ko kuka take ko dariya, ban kuma tambaya ba.

Da la'asar sakaliya na saɓe na koma kan dutsena, don gidan ya yi mini ƙunci. Jirgin yana fita. Rana ta yi ja ta kwanta a jikinsa, kuma a saman bene, jere a bakin ƙarfe, ga faso dan fani na kaɗawa, shuɗi da fari da ja, kamar shanyar gidan biki ta tashi sama. Can ƙarshe na hango wani farin abu mai faɗi yana buɗe hannuwa, iska ta cika shi. Rigata ce ta suna, za ta ƙasashen da ni ban taɓa jin sunansu ba. Ban ji zuwan Malam Sani ba, sai dai na gan shi tsaye ɗan nesa da ni, hannu a baya. Muka yi ta kallo har jirgin ya zama ɗigo. Abin da ya ce kawai shi ne, “Sun yi musu kyau, Baba.”

Ban cika kwanakin da na yi niyya ba. Ina sauka Waga, washegari na tura mobilet ɗina, ɗan babur ɗin da na yi shekara da shekaru ina hawa, na kai shi wurin dillali. Daga can na wuce babbar kasuwar Rood Woko, na zaɓi zannuwa da riguna da hannuna, na ɗaure dila biyu, na ba wani direba ɗan unguwarmu mai zuwa Dakar, daga can aka sa su a jirgin ruwa. Uwar Rabi ta tambaye ni ina mobilet, na ce likita ya ce in riƙa tafiya a ƙasa. Ta ce, “Wane likita? Na tsibiri?” Ashe labari ya riga ni isowa ta waya.

Su Rabi dai ba su dawo ba. Jiragen sun ci gaba da zuwa, wani na bin wani, Malam Sani ya sake buɗe shago. Duk Juma'a yakan kira ya gaishe ni, bai taɓa ta da maganar ba, ni ma ban taɓa ba. Ni kuwa yanzu daga Zongo har kasuwar Sankaryare a ƙafa nake zuwa, cikin rana tsaka, wadda ake ba mu kyauta ba ma so. A hanyar nan ne na gama karatun da ban yi a lekol ba: ba duk mai yawo ba riga ne ya rasa ta ba, kuma in tausayi ya motsa maka, kafin ka miƙa hannu ka duba tukuna ko teburin naka ne.