Ranar Da Na Yi Wa Bajimi Fifita Da Hoton Kansila

Ba zan taɓa mantawa da Bajimi ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, mutanen Ƙofar Guga ba za su bar ni ba. Bajimi dai ba sa ba ne, mashin ne. Mashin ɗin Kawu Idi, yayan mahaifiyata, wanda ya yi shekaru yana kai saƙonnin gwamnati gari-gari tun kafin a ba mu jiha. Da ya yi ritaya aka yi gwanjon mashin ɗin, ya saye abinsa.

Wallahi har yau ban sake ganin ƙarfe mai kwarjini irinsa ba. Baƙi ne wuluk, da gilashi a gaba, da akwatuna biyu a baya, ga kawunan inji biyu sun fito dama da hagu kamar ƙahonni, abin da ya jawo masa sunan ke nan. Jikin kowane kai akwai siraran ƙarafa a jere, waɗanda Kawu ke kira haƙarƙari. In aka tada shi, ƙirjinka ke fara ji kafin kunnenka. A kansa Kawu ya je Sakkwato, ya je Maiduguri, ya dawo. Muna yara, in ya shigo unguwa ko taɓa mashin ɗin ba ma iya yi, sai dai mu tsaya nesa baki buɗe.

Daga baya idon Kawu ya fara hazo, har ya rufe gaba ɗaya. Shekara shida Bajimi na ajiye a zaure. Amma duk safiyar Juma'a, in an kawo wuta, sai Kawu ya lalubo fanka ya girka ta a gaban injin, ya kunna, sannan ya tada mashin ɗin na ɗan lokaci yana saurare. Ni kuwa (da ɗan ƙaramin mashin ɗina na zuwa ofis, wanda don na iya canja masa fulogi nake jin duk Katsina babu gwani kamata) sai in riƙa dariya a ɓoye. Har na taɓa ce wa abokaina, "Tsufa dai ba daɗi, Kawu ya fara yi wa ƙarfe fifita."

To, a shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, abokina Lawal, wanda muka yi firamare tare, ya ci kujerar kansila. Aka sa ranar rantsar da su a Batagarawa. Kowa na shirin ayari, ni kuma shaiɗan ya raɗa mini cewa babu wanda ya dace ya ja gaban ayarin nan sai ni, a kan Bajimi.

Na je na durƙusa gaban Kawu. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, sannan na karanto buƙatata.

"Zan ba ka," in ji shi, "amma da ni za a tahi. Ka ɗauke ni a baya. Shekara shida rabona da in ji iskar hanya."

Kwana uku ina koyo a fili bayan unguwa, shi yana zaune a gindin bishiyar bedi da sandarsa. Bai ganina, amma da na sa giyar da ba ita ba sai in hango sanda ta ɗaga. Ranar ƙarshe ya kira ni ya ce, "Ka saurara da kyau. Wanga mashin ba shi da lagireto. Ba ruwa yake sha ba, iska yake sha. In ana tahiya, iska na ratsa haƙarƙarin nan tana kwashe zahi. In aka tsaya aka daɗe, kashe shi. Kada ka yi mashi totur a tsaye. Kuma ka sani, in injin ga ya tsage, ko Kano ka je ba ka samun kayanshi. Shi ke nan an gama." Na ce, "To, Kawu." (Gaskiyar magana, a lokacin ina kallon fuskata ne a madubin mashin ɗin, ina tunanin hular da za ta fi dacewa.)

Ranar ta zo. Ƙarshen bazara ne, ruwa bai sauka ba, tun hantsi gari ya ɗauki zafi kamar an hura wuta a ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya ga lokacin nan ya san yadda aka yi haukan fasta. Bango, mota, amalanke, har jikin jaki sai da aka manna wa hoton ɗan takara. Ni ma na zo da nawa: manyan kwalaye biyu, kowanne ɗauke da fuskar Lawal yana murmushi. Kawu na cikin gida yana shiri, na samu waya na ɗaure su gam a jikin ƙarafan kariya, ɗaya a gaban kan injin dama, ɗaya a gaban na hagu. Na ja da baya na duba, na ga sun yi kyau. Har ina gaya wa kaina ai taimakon mashin ɗin na yi, na tare masa ƙura da rana.

Kawu ya fito cikin tsohuwar rigarsa ta kaki, takalma sun sha mai, hular kwano a hannu. Ya shafa tanki, ya shafa kujera, ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza tsakanin yatsu ya shinshina. Amma hannunsa bai kai ga kwalayen ba. Ni kuma na ja bakina na yi shiru. Wannan shirun shi ne abin da ya fi ci mini rai har gobe.

Da farko abin ya tafi yadda nake so. Ina gaba, babbar riga na kaɗawa, mutane na ɗago hannu. Amma ashe ba mu kaɗai ke da kansila ba. Kafin mu fita daga cikin gari ayari kusan biyar sun haɗu a titi ɗaya, ga makaɗa a bayan akori-kura, ga 'yan acaɓa, ga hon ta ko'ina. Gosulo ya kafe. A matsa taku goma, a tsaya.

Kawu ya taɓa kafaɗata. "Kashe shi."

"Yanzu za a matsa, Kawu."

Ina zan kashe, alhali idon jama'a na kaina? Maimakon haka ma sai na ɗan murza totur, Bajimi ya yi gurnani, 'yan acaɓa suka ɗau ihu, kaina ya ƙara kumbura. Can aka samu ɗan sarari muka yi tafiya mai ɗan tsawo, na ce a raina to ga iskar da ake ta magana. Amma zafin da ke dukan ƙwaurina ta cikin wando bai ragu ba, sai ma ƙaruwa. Injin ya fara wata ƙara siririya, kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani.

"Tsaya," in ji Kawu. "Mun yi tahiya amma bai huce ba. Iska ba ta shiga. Mi ke gabanshi?"

"Babu komai, Kawu."

"Babu komai? To takardar wa nike jin tana ƙuna? Kashe shi, na ce!"

Na kashe. Muka sauka, na tura shi da ƙyar zuwa gindin wani bedi a bakin titi, gumi na zuba kamar an watsa mini ruwa. Wani siririn hayaƙi na tashi daga kawunan injin, ga warin baƙin mai da ya dahu. Nan da nan jama'a suka kewaye mu. Kawu ya bi jikin mashin ɗin da hannu a hankali, daga tanki ya gangaro gaba, har yatsunsa suka ci karo da kwali. Ya shafa shi daga sama zuwa ƙasa. Ya zagaya ɗaya gefen, ya tarar da ɗan'uwansa.

"Wane ne wannan?" ya tambaya.

Wani daga cikin taron ya ce, "Kansila ne, Baba!" Aka fashe da dariya.

Da a nan na tsaya, da abin ya zo da sauƙi. Amma kunya da ruɗewa suka haɗu suka kwashe mini ɗan sauran hankalin. Mutane na ta cewa, "A zuba mashi ruwa! A zuba mashi ruwa!" Kusa da mu akwai wani mutum mai sayar da ruwan sanyi, na fizge bokitinsa, ƙanƙara na yawo a ciki, na ɗaga sama.

"Aje bokitin nan!"

Ban taɓa jin Kawu ya yi tsawa irin wannan ba. Har makaɗan da ke kusa sai da suka tsagaita. Mutumin da ba ya gani, a tsakiyar wannan hayaniya, ya ji ƙarar ƙanƙara a jikin bokiti ya kuma san abin da zan aikata. Na tsaya ƙiƙam da bokiti a sama, ruwa na bin hannun rigata yana gangarowa hammata.

"Ka taɓa zuba ruwan ƙanƙara a kofin gilashi mai zahi?" ya ce, murya ta sauka. "To in ka zuba, nan za mu baro shi. Kwance kansilanka. Durƙusa. Yi mashi fifita."

Haka kuwa aka yi. Ni, ma'aikacin gwamnati, da babbar riga mai aiki da hula sabuwa, na durƙusa a bakin titi ina yi wa ƙarfe fifita da hoton abokina, wanda gefen kunnensa ya riga ya babbake. In hannun dama ya gaji in koma hagu. Kuma don Allah ya cika mini hukuncin, daidai lokacin gosulo ya jawo motar Lawal ta tsaya saitinmu. Ya sauke gilashi, ya kalli fuskarsa a jikin kwalin tana sama tana ƙasa, ya ce, "Kai, Malam! Tun ba a rantsar da ni ba har ka sa ni aiki?" (Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar Katsina a bazara ko gatari ba ya tsaga ta.)

Sai dai ana cikin dariyar wani abu ya faru da ya sa na manta da kaina. Kawu ya tsuguna, ya kai kunnensa kusa da injin. Ashe ƙarfe in yana hucewa magana yake yi, ƙas, ƙas, ƙas, shi kuma yana bin sautin kamar mai sauraron numfashin majinyaci. 'Yan acaɓa da ke yi mini dariya suka kashe mashinansu suka matso, suna tambayarsa cikin ladabi, yana ba su amsa ba tare da ya ɗago kai ba: a duba baƙin mai kullum kafin a fita, a wanke laka daga haƙarƙari, in layi ya kafe a kashe inji a nemi inuwa. Na kalli tsohon nan da na yi shekaru ina yi wa dariya.

Mun fi rabin awa a haka. Ya kai tafin hannunsa kusa da ƙarfen bai taɓa ba, ya sake duba baƙin mai, sannan ya ce, "Bisimilla. Tada shi."

Na hau na kama kan mashin ɗin. Na san in bai tashi ba, ni na kashe wa Kawu abin da ya rage masa a duniya. Bajimi ya yi tari sau ɗaya, sau biyu, sai gurnanin nan ya cika mini ƙirji. Kawu ya karkata kai ya saurara, ya daɗe, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Da sauran kwananshi." Jama'a suka ɗau tafi, ba ni ake yi wa ba.

Rantsuwa dai ta wuce mu. Kawu ya riƙa nuna mini lunguna da baki, daga ƙwaƙwalwarsa, har muka faɗa babban titi. Da muka iso Batagarawa na rage gudu, ya ce, "Wuce." Muka miƙi hanya, gonaki dama da hagu ana ta sharar daji, iska na dukanmu, zafin ƙwaurina ya tafi. Na ji shi a bayana yana dariya shi kaɗai kamar ƙaramin yaro. Ni kuwa hawaye nake yi.

Da muka tsaya shan ruwa na ce, "Kawu, ka yafe mini. Na yi maka ƙarya."

"Ka ɓoye mani don ba ni gani," ya ce. "Shi kuwa Bajimi ba a ɓoye mashi. Na yahe."

Na ɗan samu ƙarfin gwiwa na tambaye shi ko fifitar da na yi ce ta ceci injin. Ya yi murmushi. "Inuwa da haƙuri suka yi aikin. Fifitar don kada ka manta ne."

Hawansa na ƙarshe ke nan. Da damina ta kewayo Allah ya yi masa rasuwa, kuma ya bar wasiyya a ba ni Bajimi. Darasin da na koya bai da yawa: in ka ga tsoho na yin abin da ya yi maka kama da wauta, ka tambaye shi dalili tun kuna ku biyu a zaure, kafin ya yi maka bayani a gaban rabin Katsina. Har yau in na shiga Ƙofar Guga, sai na ji wani ya ce, "Sannu da zuwa, Sarkin Fifita." Ina amsawa. Duk safiyar Juma'a kuma, in an kawo wuta, nakan girka fanka a gaban injin in tada shi in saurara. Ina jin 'ya'yana na ƙunshe dariya a bayan ƙofa, kuma har yanzu babu wanda ya zo ya tambaye ni dalili.