Garken Da Ban Taɓa Gani Ba

A zauren Baffa, ƙanen mahaifina, can Madabo, na tafka abin kunyar da har yau nake kewar ranarsa. Sati biyu ina fama da wata manhaja mai duba ko hasashen da ake yi wa shanu daga ƙwayoyin gadonsu gaskiya ne. Ranar da ta yarda ta yi aiki, na zura babbar riga, na rungumi kwamfuta, na sa aka tara mutanen gida.

Na gyara murya na ce, "Baffa, 'ya'yan bijiminka za su yi nonon da sai mun nemi tanki."

Ya daɗe yana kallon kwamfutar. "Ɗana, shanuna na ruga ba su kai talatin ba. Waɗannan dubban daga ina?"

Ashe bayanan gwaji da suka zo da manhajar na saka, na shanun wata ƙasar Turawa. Namu ko buɗe su ban yi ba.

Tun daga ranar har Baffa ya rasu, in na yi sallama sai ya ce, "Sarkin shanu, ya garken Turai? An kai su ruwa?" Yanzu matarsa Hajiya ce ke tambayata. Tana ƙoƙari, amma ba ta iya jan "Turai" ɗin kamar shi.