Wutar da Ta Yi Arha da Yawa

Jama'a, ku yi mini uzuri in rubutun yau ya karkace. Hannuna ne ya kumbura, don jiya awa uku na yi a rana ina yi wa taransifoma tafi.

Ƙauye na je duba yayata, wadda ke kula da ɗakin shan magani. Garin bai taɓa ganin wutar gwamnati ba, amma shekara biyu ke nan suna da haske. Wani mai gyaran rediyo da ake kira Dogo ne ya haɗa musu. Farantan sola a kan rufin shagonsa, batura a ƙarƙashin benci, waya ta bi shaguna goma sha biyu ta ƙare a firjin yayata, inda take ajiye alluran rigakafin yara. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, aka saya, aka ɗaura.

Ashe zuwana ya dace da na wani ƙusan gwamnati, Mai Girma Uban Haske, shi da kwamitinsa na binciken hanya mafi arha ta kai wuta karkara. Motoci tara na ƙirga. Neman arha ai ba a yin sa a ƙafa.

Aka sauke taransifoma sabuwa fil. Mai Girma na karɓar lasifika, janaretan da suka zo da shi ya yi tari sau biyu ya mutu. Aka yi cirko-cirko. Dogo, bawan Allah, ya ruga ya jawo waya daga shagonsa, murya ta fito tangaran. Da wutar Dogo aka shaida mana cewa mun daɗe cikin duhu, kuma an ji kukanmu. Za a kafa turaku daga babban layi har zuwa nan, kilomita arba'in, kashi-kashi, cikin shekara bakwai.

Wani tela da ke gefena ya taɓa ni. "Malam, kai da ka yi boko, a cikin tulun ƙarfen nan wutar take?"

Na ce, "A'a, sai an jawo mata daga birni."

"Birnin da ka ce kwananku huɗu ba ku ga wuta ba?"

Na ce ya ci gaba da tafi, ana kallonmu.

Sai yayata ta ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, ga tamu nan tana ci. Da a ƙaro mana faranti ashirin da batura, da ta shiga kowane gida kafin damina. Ko kuɗin motar nan guda ba za ta lashe ba."

Mai Girma ya yi murmushin mai haƙuri da jahilai. "Baiwar Allah, aikin hukuma ba a yin sa da araha haka. Abin da babu turaku, babu kwangila, babu bikin buɗewa, da wane suna za a kira shi?" Daga nan ya tambaya ko wa ya ba da izinin jan wannan waya. Bai ma jira amsa ba. Ya ce haramtacciya ce, hatsari ce ga rayuwar talaka, a yanke ta yau.

Amma fa a yaba musu, mutane ne masu tsari. Sai da aka gama jawabin godiya, lasifika ta gama aikinta, sannan ma'aikacinsu ya hau tsani ya datse.

Motoci na ɓacewa yayata ta ɗauko tsanin da kanta ta jingina, ta dubi Dogo. "Ƙanena, allurar yara sittin ce a firjin nan, in ta yi zafi ta lalace. Hau ka haɗa. In sun dawo ka ce ni ce."

Dogo ya ce, "Yaya, waɗannan sai shekarar zaɓe." Ya hau. Kafin minti goma firji ya ci gaba da gurnani.

Ni kuwa na dawo gida, inda muke da turaku da waya da mita, duk halastattu. Na tarar maiɗakina tana goge ruwan da ya zubo daga firjinmu. Da na ba ta labari, abu ɗaya ta tambaya: ko akwai ɗakin haya kusa da shagon Dogo.