Tsinken Ciyaman da Akwatin Intanet

Alhaji Mainasara yana da tsinken sakace na azurfa, wanda ya ce a Madina ya saye shi. A gefen hularsa yake soke shi, ta hannun dama. Kafin ya yi magana a gaban mutane sai ya zaro shi, ya ɗan taɓa haƙori ɗaya, ya duba bakin tsinken, sannan ya mayar. Ko koko ya sha da safe haka yake yi. Mutanen Kaura Namoda masu kunya ne, ba wanda ya taɓa tambayarsa naman me ya maƙale.

Mutum ne da ya cancanci yabo, kuma bai taɓa barin aikin yabon ya yi wa wasu nauyi ba, shi yake ɗaukar mafi yawansa. Shi ne Ciyaman na ƙungiyar dillalan hatsi tun shekarar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato. Da can ya yi akawu a tashar jirgin ƙasa, zamanin da jirgi ke zuwa, daga nan ya samo Turancinsa. Turancin bai tsufa ba, don ba a cika wahalar da shi ba. A ofishin ƙungiya ba a ɗaga buta sai ya sani, ba a shimfiɗa tabarma sai ya nuna gefen. Shi ya sa ake kiransa Ciyaman Sai-da-Izini. Da sunan ya kai kunnensa ya ji daɗi, ya ɗauka sarauta ce.

To, shekara goma da ɗoriya bayan ƙaddamar da Shari'a, sai zaɓen ƙungiya ya zo da abin da bai saba zuwa da shi ba, wato ɗan takara na biyu. Sha'aibu ne, wani dillali daga Birnin Tsaba, wanda ya yi alkawarin rufa wa rumfar awo kwano. Alkawari ne ƙarami, amma duk wanda ruwa ya taɓa jiƙa wa dawa ya saurare shi. Alhaji ya ga kujerar da ya daɗe yana ɗumamawa ta fara motsi. Ya tafi Gusau, ya dawo da kwali.

A cikin kwalin akwai ɗan farin akwati mai eriya biyu, wanda ake kira rauta. Ana sa masa layin waya, ya jawo intanet, ya raba wa duk wayar da ke kusa. Mai shagon ya yi masa bayani: ga manhajar da za ya buɗe a kwamfutarsa ya sarrafa akwatin, ga igiyar haɗawa, ga kuma wani ɗan rami a baya, in abu ya cije a soka tsinke a riƙe, komai ya koma yadda ya fito daga kamfani. Alhaji ya ji rabi. Ba ya son a koya masa abu yana tsaye.

Ranar da ya buɗe kwalin a ofis, ya zaro tsinke, ya mayar, ya ce:

"Jama'a, wani ya yi muku alkawarin kwano. Ni duniya na kawo muku. Daga yau farashin gero na Dawanau da na Jibiya, kuna zaune za shi iske ku. Ran zaɓe da hannuna zan nuna muku shi ga wagga kwamfuta."

Sannan ya ɗaga igiyar da ta zo cikin kwalin, rawaya, ya nuna wa kowa.

"Wannan kuwa ta 'yan ƙauye ce. Duk wanda kunka gani ya ɗaure kwamfuta da akwati kamar akuya da turke, bai waye ba. Mu ta iska muke aiki."

Ya miƙa wa wani direba igiyar. A ranar aka ɗaure tamfol da ita, ta bi mota zuwa Shinkafi.

Aikin farko shi ne suna. Akwatin ya zo da wani suna na haruffa da lambobi, irin wanda ba uban kirki da zai raɗa wa ɗansa. Alhaji ya buɗe manhaja, ya goge shi, ya fara jero laƙabobinsa. Gurbin ya cika tun bai kai rabi ba. Ya yi ta ragewa yana jin zafi kamar ana cire masa riga a kasuwa, har aka tsaya a kan Ciyaman Alhaji Mainasara Kaura. Duk da haka, da ya ga sunan nan ya fito a wayar kowa ba tare da ya aika maroƙi ba, sai ya yafe wa Turawan da suka ƙera abin.

Kalmar sirri kuwa, dattawa uku kawai ya raɗa wa, kowanne a kunne, da sharaɗin amana. Dattawan sun riƙe amanar har zuwa la'asar. Washegari bangon ofis ya yi baƙi da mutane. Masu shan shayi sun jawo benci, 'yan tasha sun jingina, kowa ya sunkuyar da kai yana shafa waya. Alhaji ya ratsa ta cikinsu da babbar riga, ba wanda ya ɗago. Da ya buɗe manhaja ya ga wayoyi birjik suna sha daga akwatinsa, ba wadda ya san mai ita.

"A jihar da anka ƙaddamar da Shari'a," in ji shi, "ba za a jingina ga bangona a yi kallon banza ba. Tarbiyyar yaran ga amana ce gare mu."

Magana ce mai kyau, kowa ya gyaɗa kai. Wasu dai sun lura cewa wanda ya gaishe shi da safen nan bai shiga cikin marasa tarbiyya ba, ko me yake kallo.

Ya kwana biyu yana laluben manhajar da Turancin tasha, har Allah ya kai shi shafin da ya dace da halinsa. Shafin mai gadi ne. Ana rubuta wayoyin da aka yarda da su, in aka kunna shi, duk wayar da ba ta ciki ko ta san kalmar sirri ba za ta shiga ba. Alhaji ya daɗe yana kallon shafin nan da ƙauna. A kusa da shi ya sami wani, inda ake zaɓar na'ura ɗaya tak da za ta iya ba akwatin umarni. Nan take ya zaɓi kwamfutarsa. Mulki bai taɓa zuwa masa da sauƙi haka ba.

Daga nan aka shiga rajista. Mai son shiga ya zo da safe, ya tuɓe takalmi, ya gaida Ciyaman, ya tambayi iyali, sannan ya miƙa waya da hannu biyu. Alhaji ya nemo lambar wayar a manhaja, ya rubuta sunan mai ita da laƙabinsa. Manhajar ba ta damu da wa ke sama wa ke ƙasa ba, amma Alhaji ya damu. Liman ne farko, sai ma'aji, sai dattawa bisa shekarunsu. In babban mutum ya makara, sai a goge na ƙasa duka a sake jerawa, don kada a iske shi bayan yaron shagonsa. Sha'aibu ma an sa shi, don a san Ciyaman ba ya riƙo. Shi ne na ƙarshe. Dillalan Sakajiki da na Zurmi aka ce su dakata sai bayan zaɓe, a ga yadda hannuwansu za su tashi. Hajiya Ladidi, uwargidansa, wadda gidanta ke jikin ofishin, ita ma aka ce ta yi haƙuri, ana bin tsari.

Mutum ɗaya ne ke shiga ofishin da takalmi, Alhaji Sirajo mai motoci, taubashin Ciyaman. Yana da irin akwatin a garejinsa, bai taɓa yi masa taro ba. Ya leƙa allon kwamfutar ta kafaɗar Alhaji, ya karanta daga liman har Sha'aibu.

"Bawana, duk na ga mutane, kai ina sunanka?"

"Wa ab bawanka? Kai dai ba ka san girma ba. Ka taɓa jin mai gida ya nemi iso ga gidanai?"

"Akwatin ga bai san mai gida ba."

"Sunana na bisa goshinai. Ni da ni ka ba da izini, in shiga layi bayan Sha'aibu?"

"To shiga gaban liman."

"A'uzu billahi. In sa kaina gaban liman, mutane su ce mi?"

Sirajo ya ɗauki goro daga faifan Ciyaman ba da izini ba, ya fita yana dariya. Alhaji ya tausaya masa. Mutum ya yi ta tara motoci, amma ladabin zama da jama'a ya gagare shi.

Ranar zaɓe da hantsi ofis ya cika har waje. An ɗora akwatin a kan tebur bisa ƙyalle mai ado, eriyarsa biyu a miƙe. Alhaji ya yi bayanin mai gadin da ya naɗa, wanda ba ya barci, ba ya karɓar goro, ba ya sanin ɗan uwa. Ya yi bisimilla, ya kunna shi, ya danna wurin ajiyewa.

Fitilun akwatin suka ɗauke, suka dawo. Daga waje aka ji 'yan bango suna tsaki, an kore su. A ciki wayar liman ta yi ƙara, ta ma'aji ta amsa, har ta Sha'aibu can baya. Alhaji ya yi murmushi ya dubi kwamfutarsa. Wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiyar allo. Ya juya, ya juya, sannan manhajar ta ce ba ta ga akwatin ba. Ya sa kalmar sirri. Aka ƙi. Ya sake sawa a hankali, da yatsa ɗaya, yadda ake yi wa kurma magana. Mai gadin da ba ya sanin ɗan uwa ya duba, bai ga sunan Ciyaman ba. Na'ura ɗaya tak da ke iya ba shi umarni tana waje, ƙofa a rufe.

Sirajo ya matso, ya yi kamar yana gyara masa wuyan riga.

"Hanya biyu ce, bawana. Ko ka ɗaure ta da igiya kamar akuya, ko ka soka tsinken ga naka ga ramin baya. Komi ya goge, daga liman har Sha'aibu, har sunanka na goshi. Kowa ya koma daidai da kowa."

Daga baya Sha'aibu ya miƙe, da ladabinsa.

"Ranka ya daɗe, an ce za a nuna muna farashin Dawanau ga kwamfutar Ciyaman. Mun ƙagara."

Alhaji ya zaro tsinken. Ramin yana nan a bayan akwatin, tazarar hannu ɗaya. Ya dubi ramin, ya dubi jama'a, ya tuna safiyoyin da ya ɓata yana jera manya bisa ƙanana. Ya tuna kuma abin da ya faɗa a kan igiya, a gaban waɗannan mutanen. Sai ya kai tsinken bakinsa, ya taɓa haƙori, ya mayar da shi hula. Ya rufe kwamfutar a hankali.

"Jama'a, na yi shawara da zuciyata. Shugaba ba ya sa hannu ga akushi mabiya ba su ƙoshi ba. Da gangan na hana kaina. Ku duba, ko sunana ban rubuta ba. Duk abin da ke cikin akwatin ga naku ne, ni ban shan ko ɗigo."

Ma'aji ya tabbatar, shi ya gani da idonsa, babu sunan Ciyaman. Liman ya ce rabon da ya ga irin wannan gudun duniya tun yana yaro. Aka yi kabbara. Sha'aibu ya karanta wa mutane farashin daga wayarsa, amma ba wanda ya saurara, ana ta ɗaga hannu. Ciyaman ya koma kujerarsa da rinjaye mai yawa, har da hannuwan Sakajiki da Zurmi. Kafin a tashi, wani dattijo ya kawo shawara a sa wannan hali cikin dokokin ƙungiya, kada Ciyaman ya taɓa intanet ɗin jama'a muddin yana kan kujera. Alhaji ya buɗe baki, ya ga ana kallonsa da sha'awa, ya rufe.

Damina ta zo, rumfar awo ta ci gaba da yoyo.

Dillalan Sakajiki da na Zurmi suna zuwa duk ranar kasuwa. Su tuɓe takalmi, su gaida Ciyaman, su miƙa waya da hannu biyu. Ya karɓa, ya juya ta, ya duba bayanta, ya mayar musu, ya ce ana dubawa. Bai taɓa samun gaisuwa mai yawa irin ta wannan shekara ba, kuma a gaskiya ba ta yi masa ciwo. Hajiya Ladidi ta daina tambaya. Ta ce dama tun da ta aure shi ake dubawa.

In yana son sanin farashi, sai ya aika a kira Sha'aibu, wai yana gwada shi ne ya ga ko ya iya karatu.

Wani lokaci bayan azahar, in ofis ya watse, yakan jawo akwatin gabansa ya juya bayansa. Ya zaro tsinke, ya kai shi bakin ramin, har azurfar ta taɓa roba. Sai ya ji kamar takun mutum a waje. Sirajo ya taɓa iske shi a haka.

"Soka mana, bawana."

"Ƙura nike cire mai," in ji Ciyaman. Ya goge tsinken a hannun riga, ya soke shi a hula. "Gyaran sai gobe, in an samu natsuwa."